Zuwa Segbana da Yaya Garba

Tun da na fara zuwa ƙasar Benin ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta ƙofar masallaci a Zagga, da zarar na zauna sai wani ya ce, "Malam Sani, wai da gaske can mata ka tuƙin babur?" Wani ya ce, "Wai lahiya lau ka tahi, sunka liƙa maka ciwo?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara nasa a gaba. Ran nan a kasuwa na ji ana cewa an cire mini ƙoda ɗaya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya kasance, wanda ya so ya karanta da kansa.

Tafiyar ba tawa ba ce, ta wana ce, Yaya Garba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da kifin da ya kama a kogin Kwara da shinkafar da ya noma a fadamar Kurgu aka yi mini karatu har na zama malamin firamare. Mutum ne dogo mai ƙarfi, irin wanda ke ɗaukar buhun shinkafa yana hira. Sai dai ya daɗe yana fama da ciwon baya, kuma maganinsa guda ne: ƙwayoyin nan ja da rawaya da masu kekuna ke yawo da su a kasuwannin ƙauye. Da safe ya watsa, da rana ya watsa, ya bi da jiƙon da wani ya kwatanta masa. A haka aka yi shekaru.

A daminar da ta biyo bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi ƙafafunsa suka fara kumbura. Takalminsa ya daina shiga. In ya tashi da safe fuskarsa ta yi suntum, idanun kamar an hura. Abinci ya fita masa a rai. Matarsa Hajo ta ce ya taka wani abu ne a gona, aka yi ta turare da shafe-shafe, kumburin bai ko motsa ba.

Wanda ya fara faɗa mini gaskiya Oga Emeka ne, wani Ibo mai kemis a Bagudo. Ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma irin tamu. Na je in sayo wa Yaya maganin kumburi, na kwatanta masa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Malam, hitsarinai shina kumfa?"

Na ce ban sani ba, wa ke leƙa fitsarin wansa?

"Tahi ka tambaye shi. In shina kumfa, ba ni sai maka komi. Wanga ba ciwon ƙafa ba ne, kuma ya hi ƙarhin shagona."

Na tambaya, Yaya ya ce ya daɗe yana yi, kamar an kaɗa sabulu. Da na koma, Oga Emeka ya ce a kai shi babban asibiti. Nan aka yi ta fama. Lokacin ana tsakiyar rabon ma'aikata tsakanin Sakkwato da sabuwar jiha, shi kuma Yaya dama ya rantse ba mai kai shi birni, wai duk wanda aka kai can a kwance ake dawo da shi. Oga Emeka ne ya kawo mafita. Ya ce akwai wani ƙaramin asibitin mishan a gaba da Segbana, cikin ƙasar Benin, inda aka taɓa duba matarsa, kuma ya yaba aikinsu. Da Yaya ya ji Segbana sai fuskarsa ta saki. Yana saurayi ya sha kai bandar kifi can, yana jin Dandanci, yaren da ake yi a yankin, yana da aboki a garin. Ya ce wannan kam ba birni ba ne, ziyara ce.

Ta ruwa muka fara, don girgizar mota na wahalar da shi. Ban taɓa ganin Yaya zaune a tsakiyar kwale-kwale hannu sake ba sai ran nan. Bai iya yin shiru ba. Mai jirgin ya ja filafili nan, Yaya ya ce masa ba nan ba. Ya kauce can, ya ce akwai yashi. Mai jirgin dattijo ne mai haƙuri, ya yi ta cewa, "To, Sarkin ruwa." Da muka isa gaɓa ya ƙi barin Yaya ya taka laka, ya tattare wandonsa ya tallabe shi har tudu.

A Kaoje muka sami a-kori-kura mai zuwa Tsamiya, bakin iyaka. Direban, wani mai suna Na-Allah, ya dubi ƙafafun Yaya sai ya ce ya shiga gaba. Yaya ya ƙi, ya ce gaba matsi ne, ba inda zai miƙe. Aka sa shi a baya a kan buhunan masara, kusa da wata tsohuwa Bafillatana mai ƙwaryar nono. Sai ta warware gammonta ta tura ƙarƙashin dugadugansa. Har muka rabu ban ji sunanta ba.

Hanyar kuwa ba hanya ba ce, taɓo ne aka sa wa suna. Mun kafe ya fi a ƙirga. A kafewar da ta fi muni, Na-Allah ya ce kowa ya sauka ban da mara lafiya da tsohuwa. Muka shiga turi. Ni da na ci ado da farar shadda don zan shiga ƙasar waje, tayar baya ta yi mini wanka da jar laka tun daga hula har ƙasa. Da motar ta fita na ɗaga ƙafa sai na ji ta fito ba takalmi. Na laluba, na laluba, taɓon ya haɗiye shi. Yaya yana sama yana dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin shuka. Na-Allah ya zaro wani silifa daga ƙarƙashin kujera ya ba ni, na hagu ne, ni kuma na dama na rasa. A haka na shiga ƙasar Benin, da hagu biyu.

Wajen namu ma'aikatan ba mu daɗe ba, sun san Na-Allah. A ƙetare ne aka tsaya. Jandarman da ke rumfar dogo ne siriri, kakinsa a goge kamar ba damina ake ba. Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Na miƙa masa katin aikina, sabo fil da aka ba mu bayan rabon jiha. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Kebbi? Ina Kebbi?"

Na ce jiharmu ce. Ya tashi ya je jikin bango inda aka manna wata tsohuwar taswirar Nijeriya, ya bi da yatsa a hankali.

"Nan Sokoto. Nan Kwara. Nan Neja. Babu Kebbi."

Na yi ta bayani cewa sabuwa ce, bara aka yanke ta daga Sakkwato. Ya dubi katin, ya dubi lakar jikina, ya dubi takalmana, na ga alamar ba abin da ya gamsar da shi a cikin ukun. Sai Yaya ya sauko da kyar, ya dafa rumfar ya gaishe shi da Dandanci. Suka yi magana ban ji ba, na dai ga jandarman ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafun. Nan take ya janyo kujerarsa ya zaunar da Yaya, ya aika aka kawo ruwa. Sannan ya ɗauki biro ya ce in nuna masa inda Kebbin take. Na zagaya masa da yatsa, ya zana da kansa a jikin taswirar, ya rubuta sunan, ya sara mini. Shi ya tsayar da wata motar auduga da ke komawa wofi ya ce ta kai mu har ƙofar gidan da za mu sauka.

Abokin Yaya sunansa Baba Woru, tsohon dillalin kifi ne, ba Babarbare ba ne kamar yadda wasu a majalisa suka ɗauka da na ce Bariba. Bargawa ne, mutanen Bargu. Gaisuwarsu ta ba ni mamaki. Matan gidan suka zo suka durƙusa, ana faɗin kalma ɗaya ana amsawa da wani gunji a maƙogwaro, a yi shiru, a sake, har na ɗauka an gama na miƙe, ashe rabi aka yi. Mu muna ganin mun iya doguwar gaisuwa, to a can ɗalibai ne mu. Baba Woru ya kwashe kayansa daga ɗakinsa ya ba mu, shi ya koma zaure. Na ce ba za a yi haka ba. Ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Garba ya taɓa ciro ni daga ruwa. Ɗaki kaɗan ne." Yaya bai taɓa ba ni wannan labari ba.

Abinci kuwa, sakwara ce da miyar gyaɗa, a ciki an yanka wagashi, wato cukun Fulani mai laushi da suke rina bayansa ja. Ban taɓa cin sakwara mai santsin wannan ba; mata uku ke dakanta a turmi ɗaya, taɓarya na bin taɓarya ba karo. Da safe kuma kokon masara da wani burodi dogo kamar sanda, bayansa tauri cikinsa iska. Na farko da na gatsa sai da dasashina ya yi jini. Maganar mata da babur gaskiya ce. Na ga mace da goyo, da kwandon tumatir a baya, ta wuce mu a guje, ba wanda ya ko waiwaya sai ni.

Kuskuren farko da muka yi, mun isa asibitin rana tsaka. A can da rana ta take komai rufewa yake, ofis da shago da asibiti, sai wanda aka kawo rai a hannun Allah. Kowa ya tafi ya ci abinci ya kwanta, sai la'asar ta kusa a buɗe. Muka zauna ƙarƙashin mangwaro ina ta mita. Amma da lokacin ya yi, ƙofar ta buɗe ba jinkiri, kuma aka bi layi yadda aka zo. Wani mai babbar riga da ya iso bayanmu da mota ya zauna a bayanmu, bai nemi a sa shi gaba ba.

Asibitin ɗakuna kaɗan ne, an shafe su da farar ƙasa, tsakar gidan a share ƙal. Wadda ke riƙe da shi ita ce Madam Selestin, ma'aikaciyar jinya, gajera mai furfura a goshi. Daga kudancin ƙasarsu take, amma ta daɗe a arewa, tana jin Dandanci da Fillanci da Hausa gwargwado. Likita yakan zo daga birnin Kandi lokaci-lokaci, sauran kwanakin ita ce komai. Ta danna yatsa a ƙaurin Yaya, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ɗaura masa abin awon jini a hannu, ta duba, ta sake ɗaurawa a ɗayan. Ta tambaye shi me yake sha, ya zaro ƙullin ƙwayoyinsa daga aljihu. Ta karɓa ta ajiye a gefe ba ta mayar masa ba. Ta tambaya ko yana yaro ya yi fitsarin jini. Ya yi dariya ya ce wane ɗan bakin gulbi ne bai yi tsargiya ba, ai mu alamar girma muke ɗaukarta. Ita ba ta yi dariya ba.

Ta ba shi 'yar kwalba ya kawo fitsari. Sai ta ɗauko wata ta miƙo mini.

Na ce, "Madam, ni rakiya na yi."

"Uwa ɗaya?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

"To ɗauki."

Na ce lafiyata ƙalau, jiya ma mota na tura. Ta ce a nan duk wanda ya rako mai irin wannan ciwo sai an duba shi, in ɗan'uwa ne na jini, don abin yakan bi gida. In ban yarda ba ƙofa a buɗe take, amma ita ba za ta ji daɗi ba. Yaya ya ce, "Kai Sani, mi kaka tsoro? Amshi." Na karɓa ina jin kunya, na zagaya baya da hagu biyuna.

Wani ɗan tsinken takarda ta tsoma a kowace kwalba. Na Yaya ya rine nan take ya yi duhu. Nawa ya sauya kaɗan, har na ce ai bai yi komai ba. Ta ɗaura mini abin awo, ta duba, ta ce in zauna in huta, ta sake. Sannan ta ɗebi jininmu mu biyu ta ce za a kai Kandi, mu jira sakamako.

Kwanakin jiran nan na ga aikin matar nan. Kowace safiya kafin a fara duba mutane takan fito tsakar gida ta yi wa masu jira bayani, yau kan ruwan sha, gobe kan sauro, tana juya harshe daga wannan zuwa wancan. Makiyayi ya zo da ciwon haƙori sai ta auna jininsa. Na tambaye ta dalili. Ta ce hawan jini da ciwon suga ba sa sallama, su ne kuma suka fi cin ƙoda, ƙoda kuwa ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa. Wanda ya jira sai ya ji ciwo ya makara.

Da sakamako ya zo ta kira mu tare. A gida mun saba a ja ɗan'uwa gefe a faɗa masa, a bar mara lafiya da "za ka ji sauƙi". Na yi mata alama da ido mu fita. Ta ce a'a, jikinsa ne, shi ya fi cancanta ya ji. Ta jawo kujera ta zauna dab da shi, ta yi masa magana da abin da ya sani. Ta ce ƙoda kamar taru ce, tana riƙe abin amfani ta bar ruwa ya wuce. Tasa ta yayyage, kuma ba irin yagewar da ake ɗinkewa ba ce. Hawan jini da ya daɗe ba a sani ba, da ƙwayoyin nan, wataƙila da tsohuwar tsargiya, su suka taru a kanta. Akwai na'urar da ke wanke jini a manyan birane masu nisa, amma ba ta ɓoye masa cewa samunta ga irinmu abu ne mai wuya ba. Abin da za ta iya shi ne rage kumburin, da sauke jinin, da jan lokaci gwargwadon abin da Allah ya nufa.

Yaya ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Na ji. Na gode da ba ki ruɗe ni ba. To shi wanga hwa?" Ya nuna ni.

Ta ce nawa yanzu ya fara. Jinina ya hau, ƙodar ta soma yoyo kaɗan, amma tana aikinta. In na riƙe ƙwayar hawan jini kullum, na rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, na bar shan maganin ciwon jiki barkatai da jiƙon da ban san abin da ke ciki ba, na riƙa zuwa awo, ina iya tsufa da ita.

Ni ne na kasa riƙe kaina, ba shi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ashe ni na rako ka." Madam ta tashi ta ba mu wuri.

Da Baba Woru ya ji, a ranar ya hana a sa gishiri a tukunyar gidan gaba ɗaya, don kada mu ci namu daban mu ji mun zama baƙi. Jikokinsa suka yi ta yatsina fuska, shi kuwa yana ci yana cewa ai haka ta fi daɗi. Ƙarya yake, amma ban taɓa jin ƙaryar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Mun dawo kumburin ya sauka sosai, har Yaya ya sa takalminsa. Ya ga girbin shinkafarsa, yana zaune a inuwa yana ba da umarni. Ya aurar da 'yarsa ta fari ga wanda take so, ya raba wa 'ya'yansa maza jirgi da taru da bakinsa, ya biya wa kansa bukatar zuwa gaida duk wanda yake ganin sun taɓa saɓawa. Duk wanda ya zo duba shi kuwa sai ya sha tambaya, ko fitsarinsa na kumfa, ko an taɓa auna jininsa. Har surukinsa bai ƙyale ba. Da bazara ta yi zafi jikin ya sake rikicewa, amai da ƙaiƙayi da rashin barci. Ya rasu kafin ruwan farko, a ɗakinsa, da hankalinsa. Allah ya jiƙansa.

Abin da ya bar mini wasiyya guda ne, in kai 'ya'yansa da ƙannenmu mata a duba su. Bayan an yi arba'in na je Kaoje na sami Na-Allah, muka cika motarsa da danginmu, har da Hajo, har da wasu masunta biyu abokan Yaya da suka ce su ma a tafi da su. Mun isa da hantsi, kafin a rufe.

Madam Selestin tana tsakar gida. Ta gane ni tun daga nesa, ta taho tana murmushi, tana duba bayana.

"Ina Garba?"

Na faɗa mata. Ta nemi bakin baranda ta zauna, ta haɗa hannuwanta a cinya. Sannan ta ɗago ta dubi mutanen da ke tsaye a bayana, manya da matasa, kowa da ƙullin kayansa.

"Waɗannan duk nasa ne?"

Na ce duk nasa ne, shi ya aiko su.

Ta share idonta da gefen riga, ta miƙe ta shiga ciki. Jim kaɗan ta fito da faranti cike da kwalabe, ta fara da babban ɗansa.